Taku Uku

Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka gano Mai Tulu ba ta kan dandamalinta.

Mai Tulu mutum-mutumi ce ta yumɓu, tsayinta kamu ɗaya: mace da tulu a kafaɗa, ta ɗan karkata kai kamar an kira ta daga baya. Gidan tarihin da ke tsakiyar birni yana da ɗakuna tara, amma kowa ya san ita ake zuwa gani. Motocin masu yawon buɗe ido a ƙofarta suke fara tsayawa, sannan a tsallaka da baƙin zuwa gidan wasan kwaikwayo, a bi da su layin masu zane, a ƙare a dandalin makaɗa. Duk mai neman abinci a wannan titi albarkacinta yake ci. Don haka kafin tara ta buga, kowa ya ajiye sana'arsa ya zama alƙali. Masu zane suka ce mai gadi ne. Makaɗa suka ce masu fenti ne. Mai sayar da tikiti ta ce ita dai ba ta kama sunan kowa ba, amma a leƙa shagon dillalin kayan tarihi da ke tsallaken titi.

Ana cikin haka aka zazzage bokitin mai shara, sai ga hannun Mai Tulu na dama naɗe a tsumma. Nan take gardama ta mutu. Mutanen da ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba suka haɗa shi a kan mace ɗaya mai tsintsiya.

*

Sufeton 'yan sanda ya aika aka kira Mai Sawu, ba don yana shakkar wadda ya kama ba, sai don a nuna masa inda ta kai sauran.

Mai Sawu ya haura sittin. A bin sawun dabbobin sata ya koyi sana'arsa, tun birnin bai cinye wuraren kiwo ba, yanzu kuma 'yan sanda kan nemo shi duk ranar da ƙasa take da abin faɗa. Mutum ne mai gajen haƙuri, ba ya son dogon surutu, kuma in kana yi masa magana ƙafarka yake kallo. Gidan tarihin ba baƙonsa ba ne. Yayansa ne jagoran baƙi a nan, shekara talatin da ɗaya, kuma wannan yayan ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu.

Ya same shi a bakin ƙofa cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, a goge kamar kullum. Sai da ya ce, "Yaya, ashe abin da ya faru ke nan," sannan Jagora ya juyo.

"Auta, kai suka ɗauko? Har abin ya kai haka?"

"Ya kai."

"To, Allah ya sawwaƙe. Ni baƙi na jirana. An rufe gida, amma ba a rufe titi ba."

Sufeto ya ja Mai Sawu gefe. "Baba, ƙarfe huɗu zan tafi da mai sharar nan ofishinmu. Daraktar gidan tarihin tana son a ji an kama wani kafin 'yan jarida su rubuta nasu. In ta shiga can, ka san ba yau za ta fito ba, ba gobe ba. Ka samo min sauran kayan kafin nan."

Mai shara tana zaune a ɗakin ajiye tsintsiya, kan kifaffen bokiti. Takalmin roba ne a ƙafarta, ɗaya an ɗaure shi da waya. Ta yi kuka har ya ƙare mata.

"Baiwar Allah, ina kika samo hannun?"

"A ƙasa, Baba. Tsakiyar ɗaki, daidai inda hasken taga ke sauka. Wallahi ina shiga shi na fara gani."

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Ni nake buɗe ɗakin nan da tsintsiya kullum. Na ce duk wanda ya gan ni da shi, ni ce. Kaina ya kulle, ban ma san me zan yi da shi ba." Ta zaro wani makulli daga bakin zaninta. "Yarana uku suna tasowa daga makaranta ƙarfe biyu. Makullin ɗakinmu yana wurina. Wa zai gaya musu?"

Sufeto ya yi tsaki daga bakin ƙofa. "Ka ji fa. Wane ɓarawo ne zai ɗauke mutum-mutumi ya bar hannunsa a tsakiyar ɗaki, cikin haske?"

Shi ma Mai Sawu tambayar ta tsaya masa a rai.

*

Jiya da yamma masu fenti sun kankare bangon ɗakin Mai Tulu, farar ƙura ta kwanta a daɓe kamar an barbaɗa gari. Darakta, wadda watanta huɗu kacal a gidan, mai saurin tafiya da saurin yanke hukunci, ta kulle ɗakin tun da aka gano abin. Wannan ne kaɗai abin hankali da aka yi a gidan ranar.

Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta. Ga robar mai shara: ta shigo taku shida, ta tsaya, ta fita da gudu. Ga manyan takalman mai fenti kewaye da dandamalin katako, ƙura ta ɗan rufe su, alamar tun jiya ne. Ga takalmin Yaya mai cinyayyar dunduniyar hagu, amma idonsa ya zame a kansa, don sawun Yaya a gidan nan kamar tambarin gidan ne. Abin da ya kama shi shi ne wani takalmi mai tsinin baki da ya shigo taku biyu ya koma.

Mai takalmin yana tsallaken titi, a shagon da ya cika da tsofaffin fitilu da takubba masu tsatsa. Dillalin bai ma yi musu ba.

"Na leƙa jiya da yamma, ƙwarai. Shekara goma ina leƙa ta, laifi ne? Amma Baba, in na ɗauke ta in kai wa wa? Fuskarta tana jikin kowace riga da kowane kati a titin nan. Kuma mai hannu ɗaya! Ka zage ni da komai, amma kada ka zage ni da fasa kaya. Mu ba ma fasawa."

Mai Sawu ya sa shi ya taka daga kantar shagon zuwa ƙofa. Takun daidai yake da na cikin ɗakin, shiga da fita tsawo ɗaya. Mai ɗauke da kaya takunsa gajarta yake yi. Mai Sawu ya fito ba sallama, ransa a ɓace, rabin safiya ya tafi a banza.

Mai fenti yana bayan gini yana wanke buroshi.

"Na taɓa ta mana. Ni da abokin aikina muka ja dandamalin don mu kai ga bango. Za mu mayar, Darakta ta ce mu bar shi nan, wai haske ya fi yi mata kyau."

"Nawa kuka ja shi?"

"Kamar taku uku, zuwa tsakiyar ɗaki."

"Wa kuka gaya wa?"

Mai fenti ya yi dariya. "Gaya wa wa, Baba? Abu tsaye ƙiri-ƙiri a tsakiyar ɗaki?"

Mai gadi kuwa ya rantse babu wanda ya shiga kafin mai shara.

"Babu kowa?"

"Babu kowa. Sai dai Jagora."

"Shi ba kowa ba ne?"

"Haba Baba, Jagora ai shi ne gidan. Shida da rabi yake zuwa, ya zaga ɗakunan shi kaɗai yana bayani kamar da baƙi a gabansa. Shekara biyu ke nan yana haka. Mutumin kirki, ko fitila ba ya kunnawa, don kada a ɓarnatar da wuta."

*

Mai Sawu ya koma ɗakin, wannan karon ya durƙusa, ya dubi sawun da ya tsallake ɗazu.

Yaya ya shigo ta ƙofa yana fuskantar ɗakin. Mai ido da a nan zai ga an canza wuri. Daga nan ya juya ya ci gaba da baya da baya, yadda jagora ke tafiya don fuskarsa ta kasance ga baƙinsa. Takun duk tsawo ɗaya, kamar an auna da ma'auni. Bai rage sauri ba, bai kauce ba, har inda sawun ya zame a gindin dandamali, taku uku kafin wurin da ya saba tsayawa shekara talatin da ɗaya.

Bayan nan babu sawun ƙafa, sai na gwiwa da na tafin hannu. Hannayen sun share daɓen zagaye bayan zagaye, suna laluben ƙasa. Sun tsince ɓarɓashi ƙanana kamar tsaba har cikin lungun bango, ba su bar ko ɗaya ba. Amma can ƙarƙashin taga, inda rana ke sauka, ga shatin hannun yumɓu a cikin ƙura da yatsunsa biyar, kuma takalmi mai cinyayyar dunduniya ya wuce ta gefensa sau biyu, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Robar mai shara a kan wannan sawun ta taka.

Farin shatin yatsu ya bi bango a tsayin kafaɗa har ɗaki na gaba, ya ƙare a murfin wata tsohuwar adaka da ake nuna wa baƙi, wadda ba a buɗe ta ba tun da aka kawo ta. Mai Sawu bai buɗe ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ita.

Duk mako yana cin abinci a gidan Yaya. Yana nan ranar da Yaya ya daina karanta jarida, ya ce duk ƙarya ce a ciki. Yana nan aka sayar da keken Yaya, aka ce gwiwa ce. Ya sha ganin yatsan Yaya yana bin bakin kofi kafin ya zuba shayi, ya ɗauka tsufa ne da sababbin ɗabi'u. Shi da ake ɗauko shi daga nesa don ya karanta ƙasa, ɗan'uwansa ya makance a gabansa shekara biyu bai gani ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ajiyewa, sai baƙin ciki ya biyo bayanta. Ya duba agogo, uku saura kwata. Yaran mai shara sun daɗe a ƙofar ɗaki.

*

Ya iske Jagora a gefen gidan wasan kwaikwayo da baƙi goma sha biyu. Ya tsaya daga nesa yana kallo. In Jagora ya yi shiru tsakanin bayani da bayani, leɓɓansa na motsi, yana ƙirga taku. Ya tsaya cak, ya ɗaga hannu ga doguwar katanga.

"Ku dubi shuɗin rigar 'yar rawan nan. Mai zanen ya yi wata biyu yana neman wannan shuɗin."

An shafe zanen tun watanni da suka wuce, tallar wayar salula ce a wurin. Baƙin suka dubi juna, suka ɗauki hoton tallar don kada su ba tsoho kunya.

Da suka shiga shagunan masu zane, Mai Sawu ya kama hannun rigar yayansa ya zaunar da shi a benci.

"Yaya, na ga adakar."

Jagora ya juyo da fuskarsa wajen muryar. "Ka buɗe?"

"Ban buɗe ba. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"In gaya maka me? Likita ya ce babu abin yi. In gaya maka ka gaya wa matata, ta gaya wa Darakta, a ba ni sanda da takardar godiya? Auta, ni ban iya komai ba sai titin nan. Na san shi taku-taku. Da ba su ja dandamalin ba, da na ƙara shekara biyar babu wanda ya sani."

"Ƙarfe huɗu za a tafi da matar nan."

"Za su sake ta. Ba su da hujja."

"Suna da hannu a bokitinta."

Jagora ya sunkuyar da kai. Ashe bai san da hannun ba sai da aka zazzage bokitin, kuma tun daga lokacin yake yawo da abin a ƙirjinsa, yana yi wa baƙi murmushi.

"Ka ce musu ƙasa ba ta nuna komai ba," ya ce a hankali. "Ka ce ɓarawo ne daga waje, ita tsinta ta yi. Wa zai ƙaryata ka? Ni ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Shi ya bar makaranta don Auta ya ci abinci. Amma Mai Sawu ya san Sufeto: in ba a ba shi wani ba, wadda ke hannunsa zai riƙe.

"Ka zo ka faɗa da bakinka, Yaya. Ya fi sauƙi."

"Ba zan iya ba."

*

Huɗu saura kwata aka taru a ƙofar ɗakin: Darakta da wayarta a hannu, Sufeto, mai gadi, mai fenti, dillali wanda babu wanda ya gayyace shi, da mai shara tsakanin 'yan sanda biyu. Jagora ya shigo ƙarshe ya tsaya jikin bango.

Mai Sawu ya yi magana kansa a ƙasa.

"Ba a saci Mai Tulu ba. Faɗuwa ta yi. An ja dandamalinta taku uku jiya, wanda ya ture ta kuma bai san an ja ba. Ya tsince ta da hannu, ɓarɓashi-ɓarɓashi. Hannunta kaɗai ya bari, don ya faɗa nesa da inda ya laluba. Matar nan gaskiya ta faɗa. A tsakiyar haske ta same shi."

"Ya za a yi mutum ya tsince ɓarɓashi ya bar hannu guda?" in ji Darakta. "Makaho ne?"

Mai Sawu ya jira. Ya ba yayansa lokaci har shirun ya yi nauyi, har Sufeto ya duba agogo ya yi wa 'yan sandansa alama da kai. Ɗayansu ya kama hannun mai shara. Jagora bai motsa ba.

Sai Mai Sawu ya ɗauki hannun yumɓun daga kan tebur, ya taka ba ƙara, ya riƙe shi daf da fuskar yayansa. Idanun Jagora a buɗe suke, suna kallon inda muryar ƙaninsa ta fito ɗazu, da ɗan murmushin nan da yake yi wa baƙi. Bai ƙifta ba. Kowa a ɗakin ya gani, shi kaɗai ne bai san ana kallonsa ba. Mai gadi ya toshe baki. Mai fenti ya kawar da kai.

"Me ya faru?" Jagora ya tambaya. "Me ya sa kuka yi shiru?"

"Yaya," in ji Mai Sawu, muryarsa ta fito daga dab da kunnensa, "sun gani."

Jagora ya ɗago hannu ya laluba iska har yatsunsa suka taɓa yumɓun. Ya shafa shi, ya gane shi. Sannan ya gyara kwat ɗinsa.

"Tana cikin adaka, ɗaki na biyu. A jakar abincina na zuba ta." Ya juya inda yake zaton mai shara take, ya ɗan kuskure. "Ki yafe min, 'yata. Na ji kukanki tun safe, na yi shiru."

Mai shara ba ta ce ta yafe ba. Ta ƙwace hannunta daga na ɗan sanda, ta damƙe makullinta, ta fita da gudu.

Darakta ta ce ba za a kai maganar kotu ba, saboda shekarun da ya yi. Ta ce ya ajiye katin aiki da makullai wurin mai gadi, yau. Ta faɗa da ladabi, har da "Baba" a ciki, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

*

Kowa ya watse ya bar su biyu a ɗaki na biyu. Sufeto ya zazzage jakar a kan tebur kafin ya fita kiran motar da za ta mayar da shi ofis. Tulun ya rabe gida huɗu, ƙafafun suna nan. Fuskar kuwa babu ita, sai ɓarɓashi da garin yumɓu, da wani ɗan guntu da wataƙila hanci ne.

Jagora yana zaune a kujerar mai gadi, an cire katin daga ƙirjinsa, hannayensa a kan gwiwa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Shekara talatin da ɗaya ina gaya wa mutane su dubi yadda ta karkata kai. Duba min. Fuskar ta tsira?"

Mai Sawu ya dubi garin da ke kan tebur. Ya dubi yayansa, ya ga tsufan da ya sauko masa cikin yini ɗaya.

"Ta tsira, Yaya. Ko ƙwarzane babu. Masu gyara za su haɗa ta."

Jagora ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Da hannuna na tsince ta, Auta. Na san abin da na tsinta." Ya miƙe yana laluben bango. "Ashe ka iya ƙarya. Ɗazu na roƙe ka ita, sai yanzu ka kawo min."

Mai Sawu ya miƙa hannu zai kama shi. Jagora ya ji motsin, ya janye kafaɗarsa, ya nufi ƙofa shi kaɗai yana ƙirgawa.